Shin Ko Kun San? Lasifikokin Kawu da Ƙurar Adar

Wannan makon shafin namu ya faɗa zauren kawuna a Tamaske, inda wasu akwatunan lasifika biyu suka shekara ashirin da ɗoriya suna aikin teburi: ɗaya yana ɗauke da buhun wake, ɗayan butar alwala. Daga bida ya zo da su, zamanin da ɗan Adar in ya dawo daga Abijan ko Legas sai an ji rikodarsa tun daga tasha kafin a ga fuskarsa. Na roƙe shi su. Ya ce, "Ɗauki, ɗana, gawa ce." Na ɗaure su a mota zuwa Madawa, wurin wani dattijo mai gyaran rediyo, na zauna a kan bencinsa kwana uku. Ga abin da na kwaso, haɗe da ɗan abin da na tono a littafi.

Shin ko kun san abin da ke fara mutuwa a tsohuwar lasifika shi ne abin da ya fi komai araha a jikinta? Ku cire ragar gaba ku duba. Akwai takarda mai siffar malfa, akwai zoben da ya riƙe bakin malfar da kwandon ƙarfe. Wannan zoben ne gawar. Daga ƙarshen shekarun 1960 kamfanoni da yawa suka koma yin sa da soso, saboda yana da laushi kuma ba shi da nauyi. Lasifikar Advent ta Henry Kloss, wadda ta fito a Amurka a 1969 ta yi kasuwa sosai, irinsa gare ta. Soson nan kuwa da wa'adinsa ake haihuwarsa: shekara 10 zuwa 20 sai ya fara ruɓewa, ko ana kunnawa ko ba a kunnawa. Laima ce ke tsinka shi, zafi ke ƙara mata sauri. Mu a nan damina ta kawo ɗaya, bazara ta kawo ɗayan. Na Kawu da na taɓa shi da ɗan yatsa sai ya zube kamar garin kuka. Maganaɗisu kuwa, da kwandon ƙarfe, da naɗin waya, duk suna nan garau.

Ko kun san waɗanda suka fi tsufa sun fi jurewa? Na shekarun 1950 da farkon 1960 zobensu takarda ne ko ƙyalle mai ninki da aka shafa wa wani danƙo, kuma har gobe ana samun masu aiki a cikinsu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kun kuwa san lasifikar da ke cikin wayarku da ta masallacin Juma'a duk jikokin abu ɗaya ne? A 1925 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana tsarin: naɗin siririyar wayar tagulla a rataye cikin tsagar maganaɗisu, a manne da malfar takarda. Lantarki ya bi wayar, ta yi gaba ta yi baya, malfa ta bugi iska, kunne ya ji. A 1926 aka fara sayar da lasifikar da sunan Radiola. Wajen shekara 100 ke nan ba a sauya zanin ba, ɗinki kawai ake sakewa. Shi ya sa mai gyara a Madawa, da reza da gam da haƙuri, yake iya taɓa abin da aka ƙera a Tokiyo.

Kuma Tokiyon ma daga benci ta faro. Shin ko kun san kamfanin Pioneer, da Nozomu Matsumoto ya kafa a 1938, shagon gyaran rediyo da lasifika ne tun asali? Masaru Ibuka na Sony shi ma da gyaran rediyo ya buɗe aiki a 1945, cikin wani kanti da yaƙi ya illata. Na gaya wa dattijon nan haka. Bai ɗago kai ba, ya ce, "Su sun samu wanda ya ba su jari, Malam."

Shin ko kun san batirin tocila guda, mai bolt 1.5, ya isa ya gaya muku ko lasifika na da rai? Ku taɓa wayoyinta biyu a kan batirin na ƙiftawar ido. In kun ji "ƙwas", malfa ta motsa, to naɗin bai ƙone ba. Wannan gwajin na babbar lasifikar da ke cikin akwati ne, mai fitar da kaurin sauti. Kada a yi wa ƙaramar, wayarta siririya ce kamar gashi. In akwai mita a kusa, ku auna: wadda aka rubuta wa om 8 za ta nuna wajen 6, kuma lafiyarta ƙalau, haka suke. In mita ta yi shiru, kada ku yi saurin yin ta'aziyya. Ku leƙa bayan malfa, akwai wasu wayoyi biyu masu kama da kitso da ke zuwa daga maƙalar waya. Shekara da shekaru suna lanƙwasa, sau dubbai a minti, kuma sau da yawa ɗayansu ce ta tsinke. Ɗigon dalma guda ya tashi matacce.

To ga inda gyara ke zama aikin likita. Ko kun san tazarar da ke tsakanin naɗin waya da ƙarfen maganaɗisu ba ta kai milimita ɗaya ba? Idan aka manna sabon zobe a karkace ko da kaurin farce ne, waya za ta riƙa gogar ƙarfe, ku ji wani "ƙirr-ƙirr" a ƙarƙashin waƙa, kafin wata biyu fentin wayar ya kankare ta ƙone. Ga yadda dattijon ya yi. Ya kankare tsohon soso da reza, a hankali, har bakin malfa ya fito fes. Ya goge da barasar asibiti. Ya yanke 'yar hular da ke tsakiyar malfa, ya bar mata ɗan gefe kamar murfin gwangwani. Sai ya jawo tsohon hoton ƙashi na asibiti, irin baƙin nan mai santsi, ya yayyanka shi siri-siri, ya cusa guda huɗu a tsagar, gabas da yamma, kudu da arewa, don su riƙe naɗin a tsakiya cak. Sannan ya manna zobe, cikin da fari, bakin waje daga baya. Sai da gam ya kwana ya zare su, ya mai da hula. Ya danna malfa da yatsu huɗu, a daidaice, ya kara kunne. Shiru. A wannan aikin shiru shi ne albishir.

Da asuba yake wannan aiki, ko da hantsi. Ya ce in rana ta take, balle da hunturu, gam na bushewa tun bai gama zagaye zoben ba.

Maganar gam kuwa, a nan ake garin neman gira a rasa ido. Shin ko kun san gam ɗin nan mai kamawa nan take, na ɗan bututu, maƙiyin zobe ne? Yana bushewa kamar gilashi, abin da ake so ya lanƙwasa sai ya tsage. Ƙaro ma, duk da albarkarsa a tawadar allo, ba nan ne wurinsa ba: yana ƙeƙashewa da rani, yana narkewa da damina. Abin da ake so shi ne gam mai bushewa da sauran laushi. Ƙaramar yagewa a jikin malfa kuwa, farin gam na kafintoci da aka sirka da ruwa da 'yar siririyar takarda ta baya sun wadatar. Na sha ganin wanda ya yanko robar tayar babur ya yi zobe da ita. Tana ƙara, ban musa ba. Amma nauyinta da taurinta sun danne malfar, kamar a sa wa ɗan kokawa babbar riga a ce ya shiga fili.

Shin ko kun san maganaɗisu na kiwon ƙura? Ku ja tsohon maganaɗisu cikin yashin ƙorama ku ɗaga, za ku ga baƙin gari ya yi masa gemu. Wannan ƙarfe ne. Ƙasar Adar kuwa ta duwatsu ce da marmara, ga iskar da ba ta hutawa. Muddin hular tsakiya ta huje, garin nan zai bi ya shige tsaga, kuma hurawa ba ta fitar da shi, don riƙe shi ake yi. Da salatif ake kamo shi, a naɗe a ɗan kwali, mai danƙon a waje. Kada kuma a buɗe lasifika kusa da rumfar mai walda ko maƙera, ko da sau ɗaya.

Tun da ƙura ta shigo zance: ko kun san tun 1975 aka fara dasa layukan bedi masu tare iska a kwarin Majiya, cikin yankin Buza, da taimakon ƙungiyar CARE? A 1984 kuma aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, inda mata suka ɗauki kaso mai tsoka na jidar duwatsu da haƙar ramukan itatuwa. Don gero da dawa aka yi su, ba don kayan kiɗa ba. Amma mai lasifika ya samu nasa rabon: icen bedi gara ba ta cika son sa ba, kuma da shi kafinta ya yi wa akwatunan Kawu sabbin ƙafafu.

Don kuwa akwatin ma majinyaci ne. Shin ko kun san yawancin waɗannan akwatuna dusar katako ce aka matse da gam, aka lulluɓe da ɓawon katako mai kyau ko leda mai zane? Ruwa ya taɓa gindinsu sau ɗaya, su kumbura kamar burodi a shayi, ba kuma sa komawa. Butar alwalar Kawu ta yi nata aikin. A cikin ɗayan mun sami sheƙar ɓera, a bututun iska kuma zanzaro ya yi gini hawa biyu.

Me ya sa sai da akwati? Ko kun san lasifika tsirara ba ta da kauri ko kaɗan? Lokacin da gaban malfa ke tura iska, bayanta janyowa yake yi, sai su haɗu a gefe su kashe juna. Akwati katanga ce tsakanin masu faɗa. Yaran ƙauye da ke kifa lasifikar mota a bakin tulu ko jarka sun gano wannan ba tare da kowa ya koya musu ba, kuma tulun ya fi jarkar, don jikinsa ba ya rawa. Kada ku yi dariya: Gilbert Briggs, wanda ya kafa kamfanin Wharfedale a Ingila a 1932, yashi yake ɗurawa tsakanin allunan katako biyu don ya hana su rawa, har da tubali ya gina akwati a kusurwar ɗaki. Da ya zo Keita da bai sayi yashi ba.

A 1954 kuma wani Ba'amurke, Edgar Villchur, ya zo da dabarar toshe akwati ruf, iskar da ke ciki ta zama ita ce ke mai da malfa wurinta. Shi ya sa ƙaramin akwati ya fara fitar da kaurin da a da sai mai girman rumbu. In naku irin wannan ne, marar rami, ku danna malfa a hankali ku saki: in ta dawo sannu-sannu, akwatin a toshe yake, in ta yi tsalle ta dawo, iska na zurara, ku nemi inda take fita. Abin da ke cushe a ciki mai kama da auduga kuma kada a zubar, yana shanye amon da ke yawo a ciki ne. In rawaya ne mai ƙaiƙayi, zaren gilashi ne, a sa safar hannu a rufe hanci.

Shin ko kun san yaƙin da aka yi a Afirka ya sauya maganaɗisun lasifikokin duniya? Na da, irin wanda ake kira alniko, haɗin ƙarfe ne da alminiyam da nikel da kobal. A watan Mayu 1978 'yan tawaye suka shiga Kolwezi, a lardin Shaba na Zayar, ƙasar da ta fi kowace fitar da kobal a lokacin. Farashi ya ninka sau da yawa, manyan kamfanoni irin su JBL suka koma baƙin maganaɗisun nan mai kama da dutsen niƙa, wanda ake gasawa kamar tukunya. Saboda haka in kun buɗe akwati kuka ga bayan lasifika a rufe da ƙoƙon ƙarfe, babu baƙin zobe a fili, da alama kuna riƙe da alniko. Masu tara tsofaffin kaya a Turai da Japan kuɗi suke zubawa a kansa. A nan kuwa a kilo 'yan gwangwan ke sayensa.

Baƙin maganaɗisun kuma yana da nasa hali: in akwati ya faɗo daga kan mota, yana iya tsagewa ko ya goce ya maƙure naɗin. Wannan kam dattijon ya ce ba ya karɓa.

Ko kun san akwai wani ɗan allo a ɓoye cikin akwati wanda shi ne alƙalin rabon gado? Shi ke tura kauri wurin babba, siriri wurin ƙarama. A jikinsa akwai wasu 'yan gwangwanaye, kafasita, masu ɗan ruwa-ruwa a ciki da ke bushewa da shekaru. Ƙa'idar da masu ƙera su ke bi ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwanansu biyu. Ku lissafa da ɗakin kwano a Buza cikin watan Afrilu, lokacin da inuwa ma ta haura 40. In tsohuwar lasifika ta dushe, kamar mai magana da mayafi a baki, sau da yawa su ne. A canja su da masu lamba iri ɗaya, kuma a canja na akwatin biyu tare, ko da ɗaya ne ya nuna ciwo. Haka zobe. Tagwaye ne, in aka yi wa Hassan aski aka bar Husaini, kunne zai gane.

A nan zan yi faɗa kaɗan. Abin da na fi gani a rumfunan gyara, daga Ƙonni har Maraɗi, shi ne a fizge wannan allon a jefar, a haɗa waya kai tsaye, ko a cire lasifikar asali a cusa sabuwa mai ƙyalli da jan fenti. An auna akwatin nan ne da wannan malfar da wannan allon, su uku tare. Araha ba ta ado. Laifin kuma rabi namu ne, masu kawo gyara, da muke cewa a gama kafin la'asar.

Shin ko kun san wasu ƙananan lasifikoki ruwa ne a cikinsu? Wani baƙin mai ne da maganaɗisu ke riƙewa, wanda Steve Papell na hukumar NASA ya ƙirƙiro a 1963 don a iya jan man roka a sararin da babu nauyi. Daga shekarun 1970 aka fara ɗiga shi a tsagar ƙananan lasifikoki yana sanyaya waya. In ya tsufa yana yin kauri kamar maɗi, sautin ya toshe.

Sanyaya waya kuwa ba wasa ba ne, don kun san lasifikar gida kusan kashi 1 cikin 100 kaɗai na wutar da take sha take mayarwa sauti? Saura zafi ne. Mai bakin kakaki ta kan hasumiya ta ninka ta ƙwazo nesa ba kusa ba, shi ya sa da ƙaramin batir ladan ke tada gari. Masallacin Sultan na Singafo, a 1936, yana cikin na farkon da aka ji kiran salla ta lasifika.

Ko kun san ƙaramin amfilifaya ma na iya kashe lasifika? In aka murɗa shi ya wuce ƙarfinsa, sautin na yagewa, yagewar nan kuma ƙaramar take afka wa. Da kun ji murya ta fara tsatsa, ku rage. Ninka wuta sau biyu ɗan ƙari kaɗan kunne ke ji; kafin ya ce ƙara ta ninka sai an ninka wuta wajen sau 10. Dubban wat ɗin da ake rubutawa da manyan lambobi a kwalin sabbin kaya kuwa, kirari ne, kuma maroƙi ba ya rantsuwa. Sannan masu jera lasifika huɗu a waya ɗaya ranar biki: biyu masu om 8 sun zama 4, huɗu sun zama 2, hayaƙi na tafe.

In an gama komai kuka ji kauri ya ɓace, ku duba ja da baƙi. Waya ɗaya aka juya, wannan na turawa wancan na ja. Batirin nan na ɗazu zai raba gardama: duka malfunan su yi gaba tare.

Shin ko kun san a 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo a Nijar, inda ƙauye ke taruwa gaban akwati ɗaya a saurara a tattauna? Gidan rediyon ƙasa ya girme ta da shekara 4, Sashen Hausa na BBC kuma da 5. Kunnen Adar ya daɗe da sanin murya mai kyau, ba yau aka fara ba.

Kuma ko kun san tsofaffin lasifikokin nan ba ruwansu da wutar gari? Ba a sa su a soket, abin da amfilifaya ya ba su suke ci. Wani ɗan allo da bai kai tafin hannu ba, mai shan bolt 12 daga batirin sola, mai karɓar waƙa daga waya ta Bluetooth, ya isa ya tashe su. Waɗanda suka ga duhun da ya biyo bayan yanke wutar Najeriya a Agusta 2023 ba sa bukatar a yi musu dogon bayani.

Na ƙarshe: kada a ajiye kaset a jikin maganaɗisu. Kawu ya adana nasa a cikin akwatin da bayansa ya ɓalle, jingine da babbar lasifika, na Shata da na Ɗan Anace da na Ɗan Gurmu. Da muka gwada su, muryoyin na zuwa suna ɓacewa kamar ana kiran mutum daga ƙasan rijiya. Sai daga waya muka sa masa Shata, ranar da na mai da akwatunan Tamaske don ya gani. Ya zauna a tabarma tsakaninsu, bai ce uffan ba har kalangu ya yi shiru. Na tashi zan kira yara su mai da su mota.

Ya ce, "Ina za ka da su?"

Na ce, "Kawu, ai ka ba ni."

Ya ce, "Gawa na ba ka. Je ka nemo mini inda zan ɗora waken nan."